Ɗakin Ƙasa Yana da Mai Shi

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan naki da sai an roƙe shi yake magana. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwa ce dai ta sa ni gaba, matakalar benen nan kuwa ji nake kullum ana ƙara mata tsawo. Kunnen ma yana nan yadda kika bar shi, don haka kar ki wahalar da kanki da kiran waya, sai dai ki yi ta ihu ina ce miki na'am. Takarda ta fi mini. In rubuta, in ɗauki hotonta, in tura miki, ki karanta a tsanake.

Abin da ya sa na rubuto shi ne shafin 'yan haya da kika gina mini a kwamfuta. Tun da kika yi shi bai taɓa yi mini gardama ba. Mutum ya zo, in rubuta shi, in zaɓa masa ɗaki. Ya bar gidan, in danna "ya tashi", ɗakin ya koma fari. To, shekaranjiya ya yi mini musu.

Wata baiwar Allah ce ta kawo mijinta jinya asibitin da ke bayanmu. Koyarwa take yi, muna ce mata Malama. Mijin ƙodarsa ce ta taɓu, wankin jini ake masa, kuma likita ya ce abin ba na yau da gobe ba ne. Ɗakin da ya rage mini a sama yake, nan na sa su. Duk ranar asibiti sai an nemo maza sun sauko da shi a kujerar roba, in an dawo a sake hawa da shi. Ran nan ƙafar kujerar ta karye a tsakiyar matakala, Allah ne kawai ya tsare. Na ga Malama ta juya wajen bango tana share ido da gefen mayafi don kar ya gani.

Nawa ɗakin kin san shi, gado ɗaya ya cinye shi, keken marasa lafiya ma ba ya shiga ƙofarsa. Saura ɗaya a ƙasa, na ɗana, yayanki. Tun ranar da ya shiga motar nan da ba ta isa ba, ba a ga motar ba, ba a ga mutanen cikinta ba, ban ba kowa ɗakin ba. Ina sharewa, ina canza zanen gado, ina kullewa. Ba wanda ya isa ya yi mini maganarsa, har babanki.

Amma kujerar nan ta tsaya mini a rai. Na yi ta addu'a, na ce to, ko aro ne a ba su. Na zauna gaban kwamfuta, na zaɓi Malama, na zaɓi ɗakin ƙasa, na danna. Sai ga jan rubutu: "Wannan ɗakin yana da mai shi." Na goge gilashina na sake. Abin da ya faɗa ɗin dai ya sake faɗa.

Uwata, na karanta shi na sake karantawa. Shekarun nan kowa ce mini yake in haƙura, ban taɓa samun wanda ya goyi bayana ba sai wannan abu da ba shi da rai. Ke kika yi shi, ke kika san cikinsa. Daga ina ya san haka?

Taki,
Gwaggo

*

Gwaggona,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, rubutun nan naki mai kwanciya gefe guda har yanzu ya fi nawa kyau. Muna lafiya, sai mura da ta ɗan taɓa ni. Mai shirun yana gaishe ki, ya ce a gaya miki yana tara maganar ne sai kin zo. Don Allah ki riƙa shafa maganin gwiwar, ba ki ajiye shi a kan firji kina kallo ba.

Gwaggo, kwantar da hankalinki, shafin bai san komai ba. Ko sunan kansa bai sani ba. Bari in buɗe miki cikinsa.

A bayan abin da kike gani akwai ma'ajiyar bayanai, a cikinta akwai tebur biyu. Ba tebur na katako ba, jerin layuka ne kawai. Ɗaya na ɗakuna, kowane ɗaki da layinsa. Ɗaya na mutane, kowane mutum da layinsa. A layin kowane mutum akwai wani gurbi da ake sa lambar ɗakinsa. Lokacin da nake ginawa na tambaye ki ko ana haɗa mutum biyu a ɗaki, kika ce ko su goma ne a ciki, suna ɗaya kike so ki riƙe, don ki san wanda za ki yi wa faɗa. Sai na kafa doka: mutum ɗaya ɗaki ɗaya, ɗaki ɗaya mutum ɗaya. A wajen aikinmu haɗin ɗaya-da-ɗaya muke ce masa, kamar tukunya da murfinta. Lambar ɗaki ba za ta fito a layi biyu ba. In aka gwada, sai ma'ajiyar ta ƙi, shafin kuma ya fito da jan rubutun. Wannan jimlar da ta tayar miki da hankali, ni na rubuta ta da hannuna, ina shan shayi.

Abin da ya faru shi ne layin Yaya Dogo yana nan tun farko, da lambar ɗakin ƙasa a gurbinsa. Wato ba ɗakin ne ke riƙe da Yaya ba, Yaya ne ke riƙe da ɗakin. Gyaran ba wuya. Ki je kan sunansa ki danna "ya tashi", sannan ki koma kan Malama.

Kafin nan ma, Gwaggo, makulli a hannunki yake, ba a kwamfuta ba. Ki buɗe musu yau, rubutu ya biyo baya. Bawan Allah nan bai kamata ya sake hawa kujerar roba ba.

Ina sauri ne, aiki ya yi mana yawa. Ki gaishe da Malama, Allah ya ba mijinta lafiya.

'Yarki

*

Uwata,

Na samu taki. Allah ya sawwaƙe murar. Ni lafiya lau, in dai cin abinci da tafiya ne lafiya.

Na ga kina sauri. Da ma kin bari sai kin sami lokaci. Kina tsammanin ban san abin da "ya tashi" yake yi ba? Na danna shi a kan teloli, na danna shi a kan ɗalibai, na danna shi a kan makanikin nan da ya cika mini gida da baƙin mai. Sunan ɓacewa yake yi, ko an nema ba a gani. Shi ne za ki ce in yi wa ɗana, a layi ɗaya, tsakanin shan shayi da sallama? Yaron da ya goya ki har sai da ƙafarki ta fara jan ƙasa? Wallahi raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Na ajiye wayar na fi ƙarfin wuni ban sake ɗauka ba.

Amma da na huce na koma na karanta, sai na ga Allah ya sa gaskiya ta fito daga bakinki ba ki sani ba. Kin ce ba ɗakin ke riƙe da shi ba, shi ke riƙe da ɗakin. Uwata, wanda ya mutu yana riƙe abu? Na yi wa mamata wanka da hannuna, na san yadda hannu yake sakin komai.

Bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Da hantsi jiya na shiga sharar ɗakin, na tarar da katifar ta lotsa ta gefen taga, daidai inda yake zama ya ɗaura igiyar takalmi. Na miƙar da zanen, na fita, na dawo da tsintsiya, lotsawar tana nan. Ga ƙamshin sabulun nan nasa mai hawa kai, alhali na daɗe da zubar da ragowar. Za ki ce tsohuwar katifa ce da tsohon hanci. Faɗi, ba komai.

Malama ta zo ta durƙusa mini, ta ce, "Mama, an ce akwai ɗaki a ƙasa." Na ce mata akwai, amma da mai shi. Ta ce, "To Mama, Allah ya dawo da shi lafiya." Kin ji? Ita da ba ta san shi ba ta fi ku iya magana.

Ga abin da nake so. Kin ce kina iya ganin cikin abin nan daga can. Yayanki yana da lambar sirrinsa ta shiga shafin. Ki duba mini ko ya buɗe shi daga wani wuri, ko sau ɗaya ne. Kar ki taɓa komai, dubawa kawai na ce.

Gwaggonki

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ba murar ce ta kwantar da ke ba. Ni ina nan, barci ne dai ya yi ƙaura.

Shiru har yanzu. Na san halinki, ke ba mai riƙe amsa ba ce, tun kina ƙarama kafin a rufe baki kin mayar. Tun da kika yi shiru haka, wani abu kika gani, kina neman yadda za ki gaya mini don kar zuciyata ta buga. Kar ki ji tsoro, na shirya. Ko a kurkuku yake, ko hankalinsa ne ya taɓu, ko aure ya yi a can yake jin kunya, duk na yafe. Na sa an ɗinka sabon labule, na wanke rigunansa na shanya su sha iska. Abinci ma na koma ƙara hannu.

Mijin Malama jiki ya ƙi. Makon jiya an rasa masu sauko da shi, kowa ya tafi aiki, har lokacin wankin jinin ya wuce, ƙafafunsa suka kumbura. Yanzu in an dawo da shi, tabarma take shimfiɗa masa a ƙarƙashin matakala sai maza sun dawo da yamma. Kansa yana daidai ƙofar ɗakin yayanki. Ina wucewa da makullin a ƙugu, yana ce mini sannu da aiki. Malama tana gaishe ni, amma ta daina haɗa ido da ni.

Ba daɗi nake ji ba. Amma ina zan kai ɗana in ya shigo ya tarar da wani a gadonsa? Ki yi magana.

Gwaggo

*

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ki yafe mini. Lafiyata ƙalau, murar ta daɗe da tafiya. Ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba, ba kuma albishir nake ɓoyewa ba. Zan fara da wannan don kar ki karanta sauran da buri: na duba, Yaya bai shiga shafin ba. Shigarsa ta ƙarshe ita ce ranar da muka zauna ni da shi a falonki muna cika tebur ɗin. Daga nan babu komai, ko sau ɗaya.

Ranar da takardarki ta zo na buɗe ma'ajiyar a ofis, da rana tsaka, mutane suna ta hayaniya a kaina. Layi na farko a teburin mutane shi ne nasa. Na manta shi ne ya ƙwace kwamfutar ya ce dole a fara da manya. A gurbin sana'a kin san abin da ya rubuta? "Ɗan mai gida, a yi hankali da shi." Gwaggo, muryarsa na ji, har da dariyar nan da yake yi yana dukan cinya. Na tashi na shiga banɗaki na kulle. Tun daga ranar, kullum sai na buɗe layin in zauna ina kallo, in ɗauki biro in rubuto miki in kasa. Ni da na ce miki gyaran ba wuya. Ni ma da aka ce in danna, ba zan iya ba.

Amma maganar riƙewa, don Allah kar ki ɗora mata abin da ba ta ɗauka ba. Nufina kawai shi ne lambar ɗakin a layinsa aka rubuta ta, ba a layin ɗakin ba. Da na ga dama a lokacin, da na juya abin, kuma da sai in ce miki ɗakin ne ke riƙe da shi. Zaɓin mai gini ne, ba saƙo ba ne daga ko'ina. Katifa da sabulu ba ni da ta cewa a kansu, ban shiga ɗakin ba. Shafin dai na san shi ciki da waje, kuma babu kowa a cikinsa.

Inda kika fi ni gaskiya shi ne gogewa. Da na gina shi na sa doka ta biyu, cewa duk wanda ke cikin tebur dole ya kasance da ɗaki, gurbin ba ya zama fanko. Shi ya sa hanya ɗaya ce ta raba mutum da ɗaki, a share shi gaba ɗaya. Ban kawo a raina akwai wanda ba a ciki yake ba kuma bai tashi ba.

Na kai maganar gun abokin aikina, wanda muke ce wa Sarkin Dabara. Ya ce abu mai sauƙi, a ƙirƙiri wani ɗaki a teburin ɗakuna wanda babu shi a gini, a mayar da Yaya can. Doka ba ta karye ba, ɗakin ƙasa ya fita, sunansa kuma yana nan da ɗaki a gabansa kamar kowa. In kin ce a yi, kafin ki ajiye waya na gama.

Hanya ta biyu na riga na shirya ta. Na sassauta dokar, yanzu gurbin yana iya zama fanko. Har yanzu mutum biyu ba za su haɗa ɗaki ba, amma mutum yana iya zama a tebur ba tare da ɗaki ba. In kin buɗe sunansa za ki ga sabon maɓalli, "saki ɗaki". Ba ya goge komai. Sunansa, hotonsa, har barkwancin nasa duk suna nan. Gurbin ɗaki ne kawai zai zama babu komai.

Ban taɓa layinsa ba, kamar yadda kika ce. Zan iya yi daga nan, amma ba nawa ba ne. Abu ɗaya nake roƙo, ki tuna mutumin da ke kan tabarma ba zai iya jira irin jiran da muke yi ba.

'Yarki mai neman gafara

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Na yafe, ni ma ki yafe mini zafin bakina. Jiki da sauƙi. Na sha kwanciya bayan takardarki, amma na tashi.

Ki gode wa Sarkin Dabara, ki ce masa ya yi ƙoƙari. Ba zan ɓoye miki ba, dabararsa ta ba ni sha'awa, har na fara tunanin lambar da zan ba ɗakin. Sai na tambayi kaina, ɗakin da ba shi da ƙofa ba shi da rufi, a nan zan kwantar da ɗana? Sai na ga ai abin da nake yi ke nan tun tuni, nawa dai yana da labule. Na ce a'a.

Jiya da safe na fito na tarar da Malama tana ɗaure kayansu. Wani wuri ta samo a can ƙarshen gari, mota biyu ake hawa kafin a zo asibiti, amma a ƙasa yake. Mijin yana zaune a matakala yana haki. Ya ce, "Mama, mun gode da zama, ki yafe mana ɗawainiya." Wai shi ne yake neman gafara wajena. Na ce su dakata.

Na shiga na buɗe sunan yayanki. Na ga maɓallin naki. Na daɗe a zaune, sannan na yi bisimilla na danna. Ban ji komai ba, ko ƙara bai yi ba. Na koma kan Malama na zaɓi ɗakin ƙasa, ya karɓa ba musu. Na fita na kwance makullin na damƙa mata. Tare muka kwashe kayansa zuwa ɗakina, tana ninkewa ina karɓa, ba ta tambaye ni komai ba. Kafin azahar mutumin yana kwance a gado yana barci.

Da gidan ya yi shiru sai na koma gaban kwamfutar, na buɗe jerin mutane. Ga telan sama da ɗakinsa. Ga ɗaliban nan kowa da nasa. Ga Malama. A can sama ga ɗana, sunansa cikakke, hotonsa yana dariya, gaban sunan kuwa fili, babu komai. Kin gaya mini haka zai zama, amma ji daban, gani daban.

Uwata, shekarun nan abin da nake gaya wa kaina shi ne yana da ɗaki, dawowa ce kawai bai yi ba. Jiya na karanta abin yadda yake. Ɗana ba shi da wurin kwana, kuma ban san ƙasar da ya kwanta a kai ba. Na kifa kaina a tebur na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka zo mini da labarin motar. Malama ce ta ji, ta shigo ta riƙe ni, ita da ke da nata.

Lokacin da abin ya faru mutane sun zo yi mini gaisuwa, na tsaya a bakin ƙofa na ce su koma, ba a yi mini mutuwa ba. Wasunsu yanzu su ma sun rasu. Na aika wa babanki na ce ya sanar da waɗanda suka rage, a sa rana a yi masa addu'a.

Ki nemi hutu a wajen aiki ki zo. Ba na so in karɓi gaisuwar ni kaɗai.

Taki,
Gwaggo